Saniya Tana Tafiya, Matata Ba Ta Tafiya: Tarihin Gas Ɗin Dagwalo a Ghana

 Wannan shi ne bayanin da muka yi a filin tarihi, mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna bakin boda, ko suna can daji inda rediyo ba ya kamawa. Maganar gas ce, amma ba na silinda da ake cikowa a gidan mai ba. Gas ne da ake samu daga ruwan dagwalon da matatar etanol ke zubarwa. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da matatar barasa? A ɗan yi haƙuri, Baffa. Da saniyarku a cikin maganar tun daga farkonta.

Mu fara daga Nima, a birnin Accra da mu muke kira Ankara. In kun shiga unguwar yau kuka ga cunkoson gidaje, lungu cikin lungu, ba za ku ce saniya ta taɓa kwana a wurin ba. Amma asalinta makiyaya ce. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafillace, malami kuma mai fataucin shanu, ya nemi fili a hannun gidan Odoi Kwao na Osu, mutanen Ga masu ƙasar, domin shanun da aka koro daga arewa su huta su murmure kafin a shiga da su kasuwa. A lokacin zangon Hausawa yana can cikin gari, wajen Tudu, da kuma Sabon Zango na Malam Baƙo. Nima daji ce. Baƙi suka riƙa sauka wurin Malam Futa yana ba su wurin zama, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli, har gida ya kori garke. Bayan yaƙin duniya na biyu jama'a suka ƙaru, Maamobi ta cika a gefe. Turawan mulki ba su shata titi ba, ba su haƙa magudana ba, don wurin yana bayan iyakar gari. Rafin da ke ratsa makiyayar shi ne ya koma babbar gotar nan ta Nima da Maamobi, wadda ke kwasar ƙazantar unguwa ta kai kogin Odaw, Odaw ya kai tafkin Korle, Korle ya zuba a teku.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gotar da zafin rana ya ga iska tana ɓulɓulowa daga cikin baƙar lakar da ke ƙasa. To wannan iskar ita ce gas ɗin da muke magana. Haka take fitowa a fadama, haka a tsohuwar masai. A 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya tara irinta a kwalba a bakin tafkin Maggiore, ya kusanta mata wuta ta kama. Shi ne kuma ya ƙirƙiro batir daga baya. Kada ku haɗa shi da kogin Volta namu, wancan suna Turawan Fotugal ne suka sa masa tun kafin a haifi mutumin. Sunan iskar metan. In tana gauraye da sauran iskar da ruɓa ke haifarwa, sai a ce bayogas, kuma wajen kashi 60 cikin 100 nasa metan ne, shi ne mai kama wuta.

Ba sai an yi wa makiyayi dogon bayanin yadda ake yin sa ba, domin kullum yana kora masana'antarsa a gaba. Tumbin saniya wuri ne rufaffe, mai ɗumi, mai danshi, iskar da muke shaƙa ba ta shiga. A ciki akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, iri-iri. Wasu su farfasa ciyawar, wasu su mai da ita tsami, na ƙarshe su cinye tsamin su fitar da metan. Gyatsar da kuke ji saniya tana yi da dare tana tuƙa, gas ne take fitarwa. In ya kasa fita, kumburin ciki ke nan, kun fi ni sanin ƙarshensa. Abin da injiniyoyi suka yi kawai shi ne gina tumbi na siminti ko na ƙarfe, su rufe shi ruf, su riƙa ciyar da shi, su sa bututu a sama su tare gyatsar. Ɗumin da ya fi so digiri 35 zuwa 37 ne, kusan ɗumin jikin dabba.

A 1895 an kunna fitilun titi a garin Exeter na Ingila da gas ɗin masai. Amma waɗanda suka mai da shi abin talaka mutanen Indiya ne da na Sin. A Indiya tun shekarun 1950 ake gina ramin da ake kifa masa duro na ƙarfe, gas ya taru ya ɗaga duron. Suna ce masa gobar gas, gobar a bakinsu kashin shanu ne. Bahaushe in ya ji sunan sai ya ja da baya, amma ba gobara ake nufi ba. Sinawa kuwa nasu ginin bulo ne a ƙarƙashin ƙasa, samansa kamar kifaffiyar ƙwarya, kuma a shekarun 1970 sun gina miliyoyinsa a ƙauyuka.

Yanzu mu dawo gida. Manya daga cikinku ba su manta 1983 ba: fari, gobarar daji ta cinye gonakin koko, yunwa, ga kuma wajen mutum miliyan guda da aka koro daga Najeriya suka kwararo ta bodar Aflao. Ruwan Akosombo ya ja baya har aka shiga rabon wutar lantarki. A bayan wannan wahala ne hukuma ta fara neman makamashin da bai dogara da ruwan sama ko man waje ba. A 1986 ma'aikatar makamashi, da taimakon Sin, ta gina ramin gwaji mai kubik mita 10 a wata gonar shanu da ke Shai Hills. A 1987 UNICEF ta taimaka aka gina wasu na gida a arewa, ciki har da Jisonayili kusa da Tamale. Babban aikin kuwa shi ne na Appolonia, ƙauyen masu shanu mai nisan kilomita 46 daga Ankara, wanda aka buɗe a 1992. An gina ramuka da dama, ana zuba musu kashin shanu da na masai, gas yana juya injin mai ƙarfin kilowat 12.5. Titin ƙauye ya sami fitila, gidaje suka sami wuta, wasu matan suka fara girki da gas. Baƙi suka riƙa zuwa kallo. A lokacin da garuruwa da yawa na ƙasar ba su san turken lantarki ba, ga ƙauye yana haske da kashin shanu.

Bai ɗore ba. Ginin kuwa ba shi da laifi, ramin bulo in an yi shi da kyau yana shekaru ashirin yana aiki. Abinci ne ya gagara. Bari mu yi lissafin kan yatsa tare. Ɗanyen kashin shanu kilo 25 yana ba da gas wajen kubik mita guda. Inji irin na Appolonia, in gas kaɗai za a ba shi, zai sha kusan kubik mita 8 a awa ɗaya. Ke nan awa biyar ta dare tana bukatar kashi tan guda, kowace rana ta Allah, a dama shi da ruwa kwatankwacinsa. Kuma ɗanye ake so. Kandilon da rana ta busar ya yi wa inna amfani a murhu, amma rami ba ya samun abin kirki a cikinsa. To saniyar da ta fita tun hantsi ba ta dawo ba sai almuru, yawancin kashinta a daji ta bar shi. Na dare kaɗai ake samu a shinge, shi ma sai an bi an kwaso a kai ko a baro, daga shingen da ke nesa da ramin. Da rani kuma ciyawa ta ƙare, garke ya yi nisa, kashin ya ragu, ruwan damawa ma ya zama na awo. Gas ya yi ƙasa, aka ƙara jingina da man dizal, gyara ya yi wuya, har aikin ya kwanta.

Akwai abin da nake ganin masu tsara aikin ba su auna da kyau ba. A filayen Ankara, tun da daɗewa, mai shanu daban, mai kiwo daban. Shanun na mutanen gari ne, makiyayin sau da yawa Bafillace ne ɗan haya, kuma babban ladansa nono. Yarjejeniyarsa ta kiwo ce da tatsa. Kwasar kashi tan guda kafin rana ta take aiki ne na daban mai cin ƙarfi, kuma aikin da ba a yanka wa lada ba, yau a yi, gobe a ce baya na ciwo. An auna siminti, an auna bututu, amma ƙafar saniya da gumin mai kiwonta sun fi ƙarfin takarda. Yau in kun bi ta Appolonia sabon birni ake ginawa a wurin, gidaje suna cin makiyaya, irin dai abin da ya sami Nima.

Wannan ciwo na gina baki ba a tanadi abin sa masa ba, ba a gas kaɗai ya tsaya ba. Ku dubi masana'antar sukari ta Komenda. An sake gina ta da bashin dala miliyan 35 daga Indiya, aka buɗe a watan Mayun 2016, ba a jima ba ta tsaya saboda babu isasshen rake.

To mene ne ba ya tafiya cin rani, ba ya kwana a daji, kuma yana zubar da abincin rami kullum ta bututu guda? Matata. A nan ne etanol ya shigo maganar.

Etanol shi ne sifirit. Ana jiƙa rogo ko masara ko ruwan rake, a sa yis ya yi tsami, sannan a dafa, tururin ya bi bututu ya huce ya ɗigo. Shi ne ƙarfin da ke cikin barasa, gaskiya ne. Shi ne kuma wanda ake goge wa mutum hannu da shi kafin allura, yana cikin turaren fesawa da yawa da Hajiya ke saro wa a Lome, kuma a wasu ƙasashe ana gauraya shi da fetur. A 2020, shekarar da korona ta sa aka rufe mana bododin ƙasa har shekara biyu, kamfanonin barasa irin su GIHOC da Kasapreko sun koma yin man tsabtace hannu da shi.

Tace shi a Ghana ya daɗe. A 1930 Turawa suka ƙuntata shigo da barasar jin daga Turai, kuɗinta ya hau, sai mutane suka koma dafa tasu da bammi ko ruwan rake, da duro da bututun tagulla, a ɓoye cikin kurmi. Daga nan sunan akpeteshie ya fito, a harshen Ga ɓuya yake nufi. Hukuma ta yi ta kame har 1962, lokacin Nkrumah, da aka halatta sana'ar a doka. Masu dafawa bakin rafi suke zama don suna bukatar ruwan sanyaya bututu, kuma abin da ya saura a duro, rafin dai shi ke sha. Gwamnati ta kafa matatarta a Ankara a 1958, wadda ta zama GIHOC. Duk da haka yawancin sifirit ɗin da manyan kamfanoni ke aiki da shi daga waje jirgin ruwa ke kawowa, wajen lita miliyan 60 a shekara a ƙididdigar da aka riƙa bayarwa wajejen 2016.

Ku riƙe wannan adadi, ga dalili. Kowace lita guda ta etanol tana barin lita 10 zuwa 15 na dagwalo. Yana fitowa da zafi kamar ruwan shayi, ga tsami, ga wari, na rake baƙi ƙirin. Ƙazantar da ke narke a cikinsa ta ninka ta ruwan gotar gari sau hamsin, wani ma sau ɗari. In ya shiga rafi, ruɓarsa tana shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi ya taso ciki sama, dabba ta sunsuna ta juya. Ruwa dai ba ya tsami banza. Duk shekarun da Ghana ke sayen sifirit a waje, dagwalonsa a kogunan wasu yake zama. Ranar da ƙasar ta ce za ta tace lita miliyan 60 da rogonta, ta kuma yi odar dagwalo lita miliyan 600 ko fiye, kuma matatun ba a tsakiyar Ankara za a kafa su ba. Inda rogo yake za a kai su, yankin Volta da Bono da Afram Plains, wato inda kuke shayarwa.

Ƙasashen da suka riga mu sun sha wannan. Brazil ta ƙaddamar da shirin tuƙa mota da etanol na rake a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973. Cikin shekara uku koguna suka lalace har gwamnati ta haramta zuba dagwalon a ruwa a 1978. Suka koma fesa shi a gonakin rake don yana da gishirin da shuka ke so, daga baya suka ga ana barin wuta tana tashi a banza. A watan Oktoban 2020 kamfanin Raízen ya buɗe tashar lantarki mai megawat 21 a Guariba, jihar São Paulo, da gas ɗin dagwalo da lakar da ke saura bayan tace ruwan rake. Ku kwatanta: sau 1,600 da ɗoriya na injin Appolonia. A Sin kuwa, matatar garin Nanyang ta fara tara gas ɗin dagwalonta tun shekarun 1960, har ta kai ga ja wa gidaje wajen 20,000 bututun girki.

Abin da ya sauƙaƙa aikin ga masana'antu daga Holan ya fito. Ramin ƙauye yana riƙe abin da aka zuba masa wata guda ko fiye. Matatar da ke zubar da duro 500 a rana, wane irin rami za ta haƙa? A shekarun 1970 wani malamin jami'ar Wageningen, Gatze Lettinga, ya fito da tanki dogo wanda ruwan ke shiga ta ƙasa ya hau sama a hankali, ya ratsa ta cikin laka mai kauri. Lakar nan ba ƙasa ba ce, halittun nan ne suka dunƙule kamar ƙwayar gero. Nauyinsu ya hana ruwa tafiya da su, suna zaune abinci yana wucewa ta bakinsu. Aikin wata ya dawo na 'yan kwanaki, in ruwan ba mai kauri ba ne ma na sa'o'i. Da ruwan masana'antar sukari aka fara, yau matatun Indiya da yawa da shi suke aiki. Injiniyoyi suna kiransa UASB. Duro biyar na dagwalo, wato lita 1,000, yana ba da gas kubik mita 20 zuwa 40, gwargwadon kaurinsa. Kashin shanu rabin tan zuwa tan guda ke nan, ba tare da kowa ya ɗauki baro ba. Gas ɗin kuma ba ya bukatar tafiya kasuwa, tukunyar matatar da kanta wuta take nema dare da rana.

Amma tumbin ƙarfe ma yana ciwo, kuma ciwonsa kun san shi. Saniyar da ta fasa buhun hatsi ta ci ta ƙoshi, me ke samunta? Tumbi ya yi tsami, ta daina tuƙa, ta kwanta. Masu yin tsami sun fi masu cinye shi sauri. Haka tankin yake yi in aka ɗura masa dagwalo da yawa lokaci guda, tunda dagwalon da ma da tsaminsa ya zo. Gas ya tsaya, wari ya tashi, a yi makonni ana jinya. Maganin kuwa ɗan'uwan kanwa ne: farar ƙasa ko soda ake zubawa a kashe tsamin, a huce ruwan kafin ya shiga, a riƙa ciyarwa kaɗan-kaɗan. Sannan sabon tanki ba ya tashi da kansa, domin dagwalon da aka tafasa babu mai rai a cikinsa. Sai an kawo iri. Ko a ɗebo laka daga wani tankin da ke aiki, ko a nemo ɗanyen kashin shanu da abin cikin tumbi daga mayanka a zuba. Kamar dai yadda inna ba ta samun kindirmo sai ta ɗiga tsohon nono a sabo.

Irin tankin Lettinga ya iso Ankara a shekara ta 2000, a Mudor kusa da James Town, don tace ruwan masai na tsakiyar gari. Bayan 'yan shekaru ya tsaya saboda rashin gyara. A gefensa kuwa, a wurin da mutanen gari suka yi wa baƙar ba'a da suna Lavender Hill, sunan fure mai ƙanshi, tankokin kwasar masai fiye da ɗari a rana sun riƙa juye kayansu kai tsaye a teku, har da na masan haya na Nima da Maamobi. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 240, kuma Ankara ce ta fi jin jiki. A ƙarshen 2016 aka buɗe sabuwar matatar ƙazanta a Lavender Hill, wadda ke tara gas, aka kuma farfaɗo da ta Mudor. A Ashaiman kuma kamfanin Safi Sana, mai tushe a Holan, ya kafa tasha da ke karɓar kayan masai da sharar kasuwa da ta mayanka, tana ba da lantarki kilowat 100 ga layin ƙasa, abin da ya saura a mai da shi taki a sayar wa manoma. Masana'antar manja da ke Kwae da ta busar da 'ya'yan itace da ke Adeiso su ma suna tara gas daga nasu ruwan. Ku lura da abin da ya haɗa su: duk wurare ne da ƙazanta ke zuwa da kanta ko mota ta kawo ta, rani da damina.

Ta ɓangaren etanol kuwa, in kun hau motar Ho a tashar Tudu, kusa da Ho akwai ƙauyen Hodzo. A can kamfanin Caltech Ventures ya buɗe gonar rogo ya kafa matata, Kasapreko ya sayi kashi 40 cikin 100 na hannun jari don ya rage sayen sifirit daga waje. Tsarin matatar ya haɗa da mai da sauran rogo da dagwalo gas don samar da lantarki. Wannan shi ne daidai abin da ya kamata a tambayi duk matatar da za ta biyo baya tun kafin a sa harsashi, ba bayan kifi ya mutu ba.

Na san tambayar da ke cin wasunku, domin an aiko mana da ita: gas ɗin da ya fito daga gidan barasa, Musulmi zai yi girki da shi? Ni ɗan jarida ne, fatawa ta malamai ce. Abin da zan iya ajiye muku a gabansu shi ne, dagwalo shi ne abin da ya rage bayan an cire mai sa mayen, kuma metan ɗin da ke fita daga cikinsa bai bambanta da na gyatsar saniya ko na fadama ba. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da maganar abin da ya sauya zati, kamar giyar da ta juye da kanta ta zama ruwan khal, kuma a wurinsu kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba najasa take ci ba. Sayar wa matatar abin sha rogonka, ko yi mata dako, wannan wata mas'ala ce daban, a kai ta gaban malam da sunanta.

Saura abin da ya shafi aljihunku da garkenku. Ruwan da ya fito daga tankin gas ya rage ƙazanta ƙwarai, amma bai zama ruwan sha ba. Na rake yana nan da baƙinsa da gishirinsa, sai an ƙara tace shi a tafkuna ko an kai shi gona da awo. In kuna shayarwa a ƙasan wata matata, kuka ga launin rafi ya sauya ko dabba tana ƙin sha, a sanar da Ardo da hukumar kare muhalli ta EPA da wuri, a riƙe ranar da wurin, a ɗauki hoto da waya. Kada kuma yaro ya shiga ramin gas ko na masai don ciro wani abu. Akwai wata iska a ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ma daina jinta yake yi, kuma ta sha kashe mai shiga da wanda ya bi shi ceto.

Sai kara. Shanun da Malam Futa ke saukewa a Nima, yau jikokinsu a tirela suke zuwa daga Fada N'Gourma da Pouytenga da Bittou, su shigo ta Paga ko Kulungugu, a sauke su a karar Ashaiman da mutanen gari ke kira Tulaku, sunan da kunnen Bahaushe ke jin turaku a cikinsa. A can saniya a ɗaure take. Kashinta wuri guda yake zuba, haka na cikin tirela, haka abin cikin tumbi a mayanka. Abin da Appolonia ta rasa ke nan, ga shi jibge. Masu lambu da ma suna saye, masu albasar Bawku ma sun san darajar taki, don haka kada wani ya zo da takarda ya ce zai taimaka muku da kwashe shara kyauta. In mai tankin gas ya zo, shugabannin kara su zauna da shi da lissafin nan a hannu: kilo 25, kubik mita guda, wanda a wuta ya kai rabin litar kananzir. A tambaye shi wa zai biya yaran da za su kwasa, nawa ne baro, kuma takin da zai fito ta ɗaya bakin na wane ne, tunda rami gas kawai yake cirewa, ƙarfin takin yana nan. A rubuta shekarun yarjejeniyar, a kuma rubuta ko fitilar kara da famfon shayarwa suna cikin abin da wutar za ta kunna.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Na kan hanya, Allah ya kai ku lafiya.